Daga ɗakin taron otal zuwa wayar hannu: Me ya sa ƙungiyoyi ke buƙatar makarantar intanet ta kansu?

A watan Mayun 2023 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga sakamakon wani bincike da ya shafi kowace mace mai juna biyu a ƙasar nan. An gudanar da shi ne a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000 da suka haihu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Abin da aka gano bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba. Maimakon ungozoma ta kintaci yawan jinin da mai haihuwa ta zubar da ido, sai a shimfiɗa mata wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya riƙa taruwa a ciki. Da zarar ya kai iyakar da aka ɗiba, babu sauran jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda, ba wai a gwada wannan a jira a gani sannan a gwada wancan ba. A asibitocin da suka bi wannan tsari, mai suna E-MOTIVE, mummunar zubar jini da abin da take haifarwa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

A ƙasar da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya ke cewa ita kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Sai dai mujallar da ta buga shi ba ta zuwa asibitin karkara. Ungozomar da ta gama makaranta shekara goma sha biyar da suka wuce, take aiki ita kaɗai a ɗakin haihuwa a wata ƙaramar hukuma ta Jigawa ko Yobe, wa zai kai mata?

Gwamnati na shirya horo, ƙungiyoyin agaji ma na yi, amma kowannensu yana da iyakar jihohi da iyakar kasafin kuɗi, kuma idan shirin ya ƙare, horon ya ƙare. Waɗanda ke da sunan kowace ungozoma a rubuce, suke karɓar kuɗi daga hannunta shekara da shekaru, su ne majalisar da ke ba ta lasisi da ƙungiyar da take ciki. Haka abin yake ga lauya da akanta da injiniya da malamin makaranta da mai kemis. A nan ne maganar dandalin koyo ta intanet ta shigo.

Maki a Abuja, aiki a ƙauye

Akasarin manyan sana'o'i a Najeriya sun daɗe da wajabta wa mambobinsu ci gaba da neman ilimi. Likita ba ya sabunta lasisinsa na shekara sai ya nuna wa majalisar likitoci, MDCN, makin horon da ya tara. Ma'aikatan jinya da ungozoma na sabunta nasu duk bayan shekara uku, su ma sai da shaidar horo. Cibiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, na neman maki 120 daga kowane mamba cikin shekara uku. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA na da cibiya guda da aikinta ke nan.

Dokar tana da kyau. Yadda aka saba cika ta ne ke da matsala. A kama ɗakin taro a wani otal a Abuja ko Legas ko babban birnin jiha, a gayyato masana, a yi kwana biyu ko uku ana jawabai, a raba jaka da biro da takardar shaida, kowa ya kama gabansa.

Wanda ke Abuja tasi kawai zai hau. Wanda ke Maiduguri kuwa yana da tafiyar fiye da kilomita 800 a gabansa, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga kuɗin rajistar taron kansa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, ana sayar da litar fetur ƙasa da naira 200. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu. Albashi kuwa bai yi irin wannan tsalle ba.

Ga kuma hanyar kanta. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris ɗin 2022, da yawan garkuwa da matafiya a titunan Zamfara da Katsina da Neja, tafiyar neman maki ta zama abin da iyali ke zama su yi shawara a kai. Mace mai shayarwa, ko wadda maigidanta ba zai lamunci ta kwana uku a otal a wani gari ba, takan haƙura tun kafin a fara lissafin kuɗi.

Akwai wani lissafin da ba kasafai ake yi ba, wato na wurin aikin da aka bari. A farkon 2024 majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce ma'aikata kusan 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ke ɗauke da aikin mutum biyu ko uku. Idan asibiti na da ungozoma ɗaya tak, aka tura ta taron bita, to an rufe ɗakin haihuwa ke nan har ta dawo.

Sakamakon duk wannan sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Fuskoki ɗaya ake gani a kowane taro, yawanci manya da na kusa da shugabanni. Wasu su zo da safe su sa hannu a takarda su ɓace, sai ranar rufewa. Wasu ma ba sa zuwa, aboki ke karɓo musu shaidar. Na nesa kuma, wanda ya biya kuɗin ƙungiya daidai da na kowa, abin da yake samu bai wuce katin shaida da kalandar bango ba.

Ilimi ma yana tsufa

Da a ce abin da aka koya a makaranta yana nan yadda yake, da taro ɗaya a shekara ya wadatar. Amma a duba abin da ya faru da akantoci da masu harkar haraji cikin 'yan shekarun nan. An yi sabuwar dokar kamfanoni a 2020. An yi ta gyara dokokin haraji kusan kowace shekara tun daga 2019. Sannan a ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabbin dokoki huɗu da suka sauya tsarin baki ɗaya, har hukumar tara haraji ta FIRS ta sauya suna, aka kuma sanya 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. Wata shida ke nan tsakanin sa hannu da fara aiki. Akantan da ke riƙe da littattafan 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Singa, idan ya jira taron shekara kafin ya fahimci abin da ya sauya, abokan hulɗarsa ne za su biya tara.

Lauyoyi ma haka. Sabbin ƙa'idojin aikinsu na 2023 sun zo da babi guda kan yaƙi da halasta kuɗin haram, wanda ya ɗora wa lauya nauyin sanin ko wane ne yake wakilta da kuma asalin kuɗin da ke bi ta hannunsa. Wanda ya yi makarantar koyon aikin lauya kafin nan bai karanta wannan a aji ba.

A fannin lafiya kuwa jinkiri na cin rai. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta zama cibiyarta, ma'aikatan lafiya da dama ba su taɓa ganin mai cutar da idonsu ba, domin rigakafi ya sa ta yi ƙaranci shekaru masu yawa. Abin da ake buƙata a lokacin shi ne darasin minti goma sha biyar, da hotuna, da zai isa ga dubban ma'aikata cikin mako guda. Ɗakin taron otal ba zai iya wannan ba.

"Ai muna da zauren WhatsApp"

Wannan ce amsar da aka fi ji daga shugabannin ƙungiyoyi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Kusan babu reshen ƙungiyar da ba shi da zaure. Tun lokacin kullen korona a 2020, sa'ad da NBA ta yi babban taronta na shekara kacokan ta intanet, Zoom ma ya zama ɗan gida.

Amma zauren WhatsApp dandalin hira ne, ba aji ba. Ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024. Takardar da sakatare ya tura da safe, kafin azahar ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da gardamar siyasa. Wanda ya shigo ƙungiya bana ba zai ga abin da aka tura bara ba. Wanda wayarsa ta lalace ya rasa komai. Ko an ga wanda ya buɗe saƙo, babu mai iya sanin ko ya gane. Mafi muni, saƙon hukuma da saƙon bogi kamanninsu ɗaya a zaure, kuma na bogin ya fi saurin yawo.

Zoom kuma taron otal ne aka mayar cikin waya. Dole kowa ya halarta a sa'a ɗaya, ko yana bakin aiki ko ba ya yi. Sa'a guda ta bidiyo kai tsaye na lashe ɗaruruwan megabayit, kuma idan sabis ya yanke a tsakiyar bayani, abin da ya wuce ya wuce. Kowa ya san dabarar shiga taro a kashe kyamara a ajiye waya a aljihu har a kammala.

Dandalin koyo na gaskiya wani abu ne daban. Manhaja ce ko shafi da kowane mamba ke shiga da lambarsa ta ƙungiya. Darussa na jere a ciki, daga na farko zuwa na ƙarshe, a gutsure gajeru-gajeru. Mutum ya sauke darasi lokacin da yake da sabis, ya kalla ko ya saurara da daddare bayan ya tashi aiki, ya amsa 'yan tambayoyi, idan ya faɗi ya sake. Manhajar na riƙe da lissafin abin da ya gama da makin da ya tara, ta ba shi takardar shaida mai lambar da duk mai shakka zai iya bincikawa. Ranar sabunta lasisi babu neman tsofaffin takardu a ƙarƙashin katifa.

Ita ma ƙungiyar tana samun abin da ba ta taɓa samu ba: sanin inda mambobinta ke da rauni. Idan mutum bakwai cikin goma suka faɗi tambaya ɗaya kan adadin maganin da ake ba yaro, ko kan wani sashe na sabuwar doka, to an san darasin da za a shirya gobe. A taron otal ba a taɓa gano haka, domin da an ce "akwai mai tambaya?" sai ɗaki ya yi tsit, kowa na jiran abinci.

Ba kuma sai an ƙera komai daga tushe ba. Moodle, manhajar da wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kyauta ce, jami'o'i da dama a duniya da ita suke aiki, kuma tana da manhajar waya da ke ba da damar sauke darasi a karanta ba tare da intanet ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne wurin ajiye ta, da mai kula da ita, da kuma shirya darussan kansu. Wasu manyan cibiyoyi irin su ICAN sun riga sun fara ba da wani ɓangare na horonsu ta intanet. Waɗanda aka bari a baya su ne ƙananan ƙungiyoyi da rassan jihohi, alhali su ne suka fi kusa da talaka.

Mai kemis da ba ya jin Turancin farfesa

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar wajen masu kemis. A unguwanni da ƙauyukan Arewa, idan yaro ya kwana da zazzaɓi, shagon magani ake fara zuwa kafin asibiti. Majalisar harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ce ke ba su lasisi, suna kuma da ƙungiyarsu ta NAPPMED mai rassa har matakin ƙananan hukumomi, wadda ke tara su a kai a kai.

Abin da ya kamata mai kemis ya sani ya sauya sau da yawa. Tun wajen 2005 Najeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC kan shan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya zauna a kan kantar shagon ƙauye.

Idan aka gina wa irin waɗannan mambobi dandali da Turancin jami'a da takardu masu shafi hamsin, an yi aikin banza. Abin da zai yi musu amfani shi ne darasin murya da Hausa na minti biyar, ɗan gajeren bidiyo da ke nuna yadda ake gwajin jini da yadda ake karanta sakamakonsa, da tambayoyin da za a amsa da danna hoto. Mutanen da suka tashi da rediyo a kunne, suke kuma tura saƙon murya fiye da rubutu, ba sai an koya musu sauraro ba. Haka ƙungiyoyin manoma da na direbobi da na masu gyaran waya.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, wanda ya ce intanet za ta warware komai bai faɗi gaskiya ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT ke bayarwa ta intanet ya nuna cewa kusan mutum uku ne kacal cikin ɗari ke kai wa ƙarshe. Yin rajista da sauƙi, gamawa ce wuya. Ƙungiya ta fi jami'ar nesa dama a nan, domin tana da abin da za ta ɗaura wa darasin, wato lasisi ko ƙarin girma, tana kuma da shugaban reshe da ya san gidan kowa. Amma idan ta zuba darussa ta juya baya, za ta tarar da shafin kamar kasuwar da ta tashi.

Sai batun data da sabis. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. A watan Satumban 2021 kuwa an rufe layukan waya ɗungurungum a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Dandalin da ba ya aiki sai da intanet mai ƙarfi, ko sai a kwamfuta, ya sake ware mutanen da aka ce don su aka gina shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin darasin zai buɗe a ƙaramar wayar Android mai tsagaggen gilashi, wadda ake kai wa mai caji a bakin kasuwa?

Akwai maguɗi. Wanda ya iya aika aboki ya sa masa hannu a otal zai iya ba ɗansa waya ya amsa masa tambayoyi. Ana rage wannan ta hanyar cakuɗa tambayoyi yadda na kowa zai bambanta, da kuma yin jarrabawar ƙarshe a ofishin reshe ga darussan da suka shafi rai. Ba a kawar da shi gaba ɗaya.

Akwai kuma amanar bayanai. Dandalin zai tara sunaye da lambobin waya da wuraren aiki da sakamakon jarrabawar dubban mutane. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tara. Ƙungiyar da ta miƙa wa wani ɗan kwangila komai ba tare da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda ya mallaki bayanan da darussan ba, ranar da suka ɓata za ta gane kurenta.

Babban cikas ɗin dai ba na fasaha ba ne, na cikin gida ne. Taron bita hanyar samun kuɗi ce ga ƙungiyoyi da yawa, kuma akwai masu cin moriyar kwangilar otal da abinci da jakunkuna da alawus ɗin zama. Ba za su yi murna da abin da zai rage wannan ba. Haɗari na biyu shi ne a ɗauko tsohon hali a kai sabon wuri, a mayar da dandalin shingen karɓar kuɗi: biya, danna, sauke shaida. Idan kuɗin darasin intanet ya yi daidai da na otal alhali babu ɗaki babu abinci, mambobi za su yi tambaya, kuma suna da gaskiya.

Wasu na fargabar cewa zumunci zai mutu idan aka daina haɗuwa. Babu mai cewa a soke babban taron shekara. A can ake zaɓe, a can ƙarami ke haɗuwa da babba, a can ake samun aiki. Abin da ake cewa shi ne a daina ɗora wa kwana uku nauyin ilimin shekara guda.

Akwai ma abin da waya ba za ta taɓa koyarwa ba. Asibitocin da suka yi nasara a binciken E-MOTIVE ba takarda kawai aka raba musu ba. An yi wa ma'aikata atisaye a wurin aikinsu, an tanadi akwati ko keken da ke ɗauke da dukkan magungunan a wuri guda, an naɗa waɗanda za su riƙa bibiya a kowane asibiti, ana kuma nuna musu alƙaluman aikinsu. Murza mahaifa aikin hannu ne, sai an gwada a gaban wanda ya iya.

Abin da dandali zai yi shi ne ya ɗauke rabin farko na aikin. Ungozoma ta kalli bidiyon a gida sau uku ko huɗu, ta san dalilin kowane mataki da adadin kowane magani, ta ci tambayoyin. Sannan reshen ƙungiya na ƙaramar hukuma ya tara waɗanda suka gama, su goma ko goma sha biyu, a babban asibitin yankin, ranar da ba ta kasuwa ba, a yi atisayen sa'a uku da leda da mutum-mutumi. Wadda ta zo daga ƙauye mafi nisa za ta iya komawa bakin aikinta kafin la'asar.